Ranar da Ƙyale-su Ta Ci Anko

In kana neman ƙanwata Godiya a Jalingo ba sai ka sha wahala ba. Ka tare kowane mai napep ka ce ya kai ka unguwar Sarkin Dawaki wajen telar karnuka. Zai yi dariya, amma zai ajiye ka har bakin ƙofa. Makon nan ma aka kafa mata allo a saman shago, ga sunanta da manyan baƙaƙe, ga hoton keken ɗinki, ga kare sanye da riga yana kallon titi kamar ɗan takara. Mu da muka goya ta, murna ta hana mu zama wuri ɗaya, don duk zuri'armu ba a taɓa yin matsoraciyar kare irin Godiya ba.

A garin Iware aka haife ta, ita ce autarmu. Tana 'yar mitsitsiya wani kwikwiyo da ko haushi bai iya ba ya biyo ta daga rafi. Ta yar da tulu, ta haye mangwaron ƙofar gida, ta ƙi saukowa har sai da Baba ya dawo gona ya tsinko ta. Daga ranar, in ana so ta yi aike da sauri, sai kawai a ce mata ga kare can.

Boko bai zauna mata ba, kamar yadda bai zauna wa sauranmu ba. Amma hannunta akwai ido. Totuwar masara ma sai ta yi mata riga da zani da ɗankwali. Da ta tasa aka kawo ta Jalingo koyon ɗinki, ta gama, ta kama ɗan shagon da in mutum uku sun shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Kullum tef ɗin awo a wuya, har coci ta taɓa zuwa da shi ba ta sani ba. Allura a baki, ƙafa a kan keke, tana yi wa atamfa faɗa in ta ƙi kwanciya. Kuma bakinta rufe yake. Tela kan san mace ta yi ciki kafin mijinta ya sani, amma ba a taɓa jin zancen kowa ya fita daga shagon Godiya ba.

Wannan riƙon sirri ne ya jawo mata Hajiya Aisatu, mai sayar da kayan kicin a kasuwa, mace mai baki kamar reza da hannu a buɗe. Shekarun baya an yi wa Hajiya aiki, an cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Lokacin ba wanda ya sani sai 'yan gidanta da Godiya, wadda take yi mata ɗan aljihu a cikin kowace riga, ta cusa auduga, rigar ta zauna daidai. Yanzu Hajiya da bakinta take ba da labarin ga duk mai son ji, shi ya sa ma ya shigo nan. Ita ce ta cika wa Godiya shago da mata. In ta ce wa ƙawayenta ga tela, to ga tela. In kuma ta ce a tashi, ko ƙyalle ba za a bari ba.

Bayan shagon akwai gidan Baba George, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya. Matarsa Mama Judith ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, aka bar shi daga shi sai rediyo sai wata jar karya mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Mama Judith ce ta raɗa mata suna Ƙyale-su, lokacin da maƙwabta suka dame ta da gulma. Tsakanin Godiya da Ƙyale-su akwai yarjejeniya wadda ba a rubuta ba: karya ba ta tsallake kwata, tela ba ta bi ta ƙofar gidan. Sun yi shekaru a haka, kowa na girmama iyaka.

Sai wani kumburi ya fito wa Ƙyale-su a nono. Ya fara kamar gurjiya, ya koma kamar lemun tsami. Masu sayen karnuka suka ji labari, suka zo suna cewa Baba ya sayar kafin ta rame, ya raka su da sanda har bakin titi. Ya kai ta wajen Dakta Ukasha, likitan dabbobi, aka duba aka ce daji ne. Likita ya yi aiki ya cire, ya ɗinke, ya sa mata wata roba a wuya mai kama da mazurari don kada bakinta ya kai wurin. Kafin a kwana biyu ta farfasa robar a jikin bango, ta kai haƙori ta farke ɗinkin. Aka koma aka sake ɗinkewa. Baba George ya huda gindin bokiti ya zura mata a kai. Wannan karon ba ta fasa bokitin ba, sai ta yi fushi. Ta kwanta ta juya wa tuwo baya, ko ruwa ta ƙi sha.

Da hantsi Godiya na tsakiyar ɗinki sai ga Baba George a ƙofa, bokiti a hannu.

"Godiya 'yata, sannu da aiki. Kina ɗinka wa amare, kina ɗinka wa masu ciki. Marar lafiya fa?"

"Har da su, Baba. Wace ce ba lafiya?"

"Ƙyale-su."

Godiya ta cire allura daga baki ta dube shi, ko wasa yake. Ba wasa a fuskarsa.

"Baba, ni fa ko hoton kare na gani a kalanda sai na juya shi."

"Na sani. Duk unguwa an sani." Ya zauna a benci, ya ɗora bokitin a gwiwa. "Dakta ya ce fata ta ƙare a wurin. In ta sake farke wannan, ba abin da zai kama ya ɗinka, sai dai allurar barcin da ba a tashi. Da bokiti ba ta ci. Ba bokiti kuma sai ta ci kanta. Ya ce a samu riga mai kama jiki ta rufe ciwon har ya haɗe. Na sa mata singiletina, ta fita daga ciki kamar kifi."

Godiya ta soke allurar a jikin yadin da ke gabanta.

"Judith ce ta bar mini ita," in ji shi. "In ta tafi, da wa zan yi faɗa da safe?"

To, ranar aka karya yarjejeniya. Godiya ta tsallake kwata da awo a wuya. Da farko daga nesa ta tsaya tana jefa awon kamar mai kamun kifi, Baba George na karanta mata lamba, rabi daidai rabi ƙarya, don idonsa ba tabarau. Da ta ga za a ɓata yadi, ta rufe ido ta durƙusa ta zagaya awon a ƙirjin karyar. Nan ta ji abin da ba ta zata ba. Jikin Ƙyale-su ya fi nata ɓari. Zuciyarta na bugawa a tafin hannun Godiya fat fat fat.

"Au, ke ma tsoro kike ji?" in ji Godiya. "To mu yi maza mu rabu."

"A yi mata dogon hannu," in ji Baba George. "Matar aure ce."

"Baba, ka bari in ji da abu ɗaya."

Ta koma shago ta zura hannu a buhun ƙyallaye. Kowa ya san al'adar teloli, abin da ya rage bayan an yanka yadi na buhu ne, da shi ake faci da ɗan wandon yara. Godiya ta ɗauki na sama, don shi ne sabo, mai tsabta, ba ƙura. Koriyar atamfa ce mai zanen makullai ruwan gwal. Makonni ta yi tana ɗinka wannan atamfar safe da yamma har idonta ya daina ganinta, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa. Ko kaɗan bai faɗo mata a rai ba cewa ankon bikin Ruwaida ne, autar Hajiya Aisatu, wanda za a yi ƙarshen mako.

Riga ta fito tsaf. Ƙofa huɗu na ƙafafu, ciki a rufe ruf, igiyoyi a gadon baya inda haƙori ba ya kaiwa. Aka sa mata, aka cire bokiti. Ƙyale-su ta juya ta shinshina kanta, ta gwada kai baki ta ji yadi, ta haƙura. Sai ta nufi kwanon tuwo ta share shi. Baba George ya tsaya yana kallo yana zaginta da murna, wai ga ta kamar shugabar zumuntar mata.

Ranar Asabar ta zo. Bayan azahar mata suka fito daga gidan Hajiya za su wajen yinin biki, layi guda, kore shar, makullai na walƙiya, turare ya cika lungu. Bayansu ana ɗauke da kulolin shinkafa da nama. Ƙyale-su kuwa ta kwana biyu tana cin abinci, ƙarfi ya fara dawowa, hanci ya buɗe. Baba George ya shiga bayi ya bar ƙofa a sakaye. Sai ta tura da kai ta fito, ta tsallake kwata, ta shiga layi tsakanin wata gwaggon ango da mai ɗauke da kula. Tafiya take a natse, kunne ɗaya sama, jela na kaɗawa, ba ta tsokani kowa ba.

Yara ne suka fara gani. Kafin ka ce me, lungu ya kaure da ihu, wai karya ta ci anko. Wayoyi suka fito. Gwaggon ango ta waiga ta ga wadda ke bin ta da irin kayanta sak, ta yi salati ta watsar da jaka. Layi ya tarwatse, masu tattare zani na tattarewa, masu dariya sun riƙe ciki. Ƙyale-su ta rikice. Ba ta nufi gida ba, shagon Godiya ta faɗa, ta shige ƙarƙashin keke ta manne da ƙafafunta.

Godiya ta sunkuya ta ga koren yadi, ta ɗaga kai ta ga koren yadi ya cika titi. Sai a lokacin idonta ya buɗe. Ta ce a ranta, yau na ɗinka wa kaina.

Ga Hajiya Aisatu tafe, ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo wayar lantarki, ƙawaye na take mata baya. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba saboda karyar.

"'Yar Iware."

"Na'am, Hajiya."

"Atamfar da na je har Kano na zaɓo da hannuna. Dangin ango sun taso tun daga garin Mutum Biyu, ga shi suna tambayata wai ko ita ce babbar ƙawa."

Wata a baya ta tuntsire, Hajiya ta waiga, dariyar ta maƙale.

"Hajiya, laifina ne, ba na kowa ba. Hannu na zura a buhu ban duba ba. Ki yafe ni."

"Yafiya daga baya. Cire mata. Yanzu, ina kallo."

Godiya ta ji karyar na ɓari a jikin ƙafarta, har ta fara lanƙwasa wuya tana neman cikinta da baki, don haka take yi in ta tsorata. In aka kwance igiyar nan cikin wannan hayaniya, kafin a ɗinka wata ta gama da zaren likita. Godiya ta sa hannu ta riƙe mata kai. Hannun da kafin makon nan ko kwikwiyo bai taɓa shafawa ba.

"Hajiya, ki ba ni zuwa la'asar in ɗinka wata, in mutane sun watse ta natsu sai in canja mata. Yanzu kam ba zan cire ba."

"Ba za ki me ba?"

"Ba zan cire ba, Hajiya."

Baba George ya iso yana haki, zariyar wando a hannu, ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Hajiya ta ɗaga masa hannu.

"Baba, ba da kai nake ba. Godiya, ki dube ni da kyau. In rigar nan ta ƙara minti ɗaya a jikin dabbar nan, ni da duk matan da kike gani, ko tsumman goge-goge ba za mu sake kawo miki ba. Kin san ni."

Ta san ta kuwa. Matan da ke tsaye a wurin su ne shagon gaba ɗaya. Wata ƙawar Hajiya mai suna Hamna har ta miƙa hannu ta ɗauki almakashi a kan tebur, wai a ba ta ta yanke igiyar a huta.

Godiya ba ta iya dogon zance ba, kuma abin da ta sani game da Hajiya ba na faɗa ba ne a gaban jama'a, ko da shago zai rufe. Sai ta ce kawai, "Hajiya, ki matso ki ga abin da ke ƙasa. In kin gani kin ce a cire, ki sa a cire, amma ba da hannuna ba."

Ta kwantar da Ƙyale-su a hankali, ta ɗaga gefen rigar kaɗan, ta janye bandejin. Ga ɗinki nan baƙi, dogo, daga ƙirji har ciki, fatar ta ja ta yi tsamo-tsamo, wuri ɗaya ja wur inda aka taɓa farkewa.

Hajiya ta leƙo daga inda take. Ta daɗe tana kallo.

"A nono ne?"

"A nono ne, Hajiya."

"Daji?"

"Haka likita ya ce," in ji Baba George.

Hajiya ta gyara mayafi a kafaɗarta ta hagu. Godiya ta sunkuyar da kai tana mayar da bandeji, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Hamna, ajiye almakashin mutane," in ji Hajiya. Sai ta juyo kan Godiya da faɗa sabo fil. "Ke kuma wane irin ɗinki ne wannan? Sabuwar atamfa mai kanti a kan ɗanyen ciwo? Ba dole ta nemi cizo ba. Wurin nan ƙaiƙayi yake kamar an zuba tururuwa, ba dare ba rana. Tsohon zani ake sawa a ciki, wanda ya sha wanki ya yi laushi. Kuma kin matse mata hammata."

"Hajiya, ke kuma ina kika san wannan?" in ji Hamna.

"Inda na sani. Ni da ita ankonmu ya riga na Ruwaida." Ta dafa ƙirjinta na hagu a gaban kowa. "Shekara nawa kuna yaba mini riga, ku tambayi 'yar Iware me ke ciki. Ku wuce mu tafi, shinkafa na hucewa."

Matan suka bi ta, Hamna na waige. Da Hajiya ta kai kwana sai ta ɗago murya.

"Baba George, a ɗaure babbar ƙawa a gida har a kai amarya. Na yafe anko, ban yafe hoto da ita ba."

Kafin la'asar aka aiko daga gidan biki da tsofaffin zannuwa masu laushi kamar auduga. Tare da su ga wata sabuwar roba irin wadda ake raba wa mahalarta, cike da shinkafa da tsoka. An ɓare hoton ango da amarya daga jikin robar, saura ɗan manne. Saƙon Hajiya shi ne, duk wadda ta ci anko tana da rabo a abincin biki, ba a ware kowa. Baba George ya wanke naman tas saboda yaji, ya ba mai rabo rabonta, shi kuma ya ji da shinkafar.

Godiya ta yi wa rigar shafi da tsohon zani, ta saki hammata. Daga ranar Ƙyale-su ba ta sake neman wurin da baki ba. Da lokacin cire zare ya yi, Godiya ta rufe shago ta bi su a napep, karya a kan cinyarta, kan karyar a waje yana shan iska. Dakta Ukasha ya kwance igiyoyi, ya duba, ya danna nan ya danna can, ya ce ciwo ya haɗe. Bai ɓoye musu ba, ya ce irin wannan cuta takan dawo, a riƙa shafa cikinta ana dubawa, in an ji ko ƙwayar gero a kawo ta da wuri. Baba George ya ce ya ji. Sai ya juya yana yi wa Ƙyale-su faɗa wai ta tsufar da shi, yana goge ido da hularsa.

Likita ya ɗaga rigar yana jujjuyawa, ya tambaya ko telar za ta iya yin wasu, don yana da masu irin wannan matsala da yawa, ga robar wuya ba kowane kare ke yarda da ita ba.

Haka aka fara. Yau in ka je za ka tarar da benci biyu a ƙofar shago. Ɗaya na mata masu jiran ɗinki, Hajiya Aisatu a kan gaba, ɗaya can gefe ƙarƙashin darbejiya na masu karnuka. Akwai ma'aikacin banki, akwai maharbi, akwai wata malamar makaranta da karenta ke karɓar allurar daji duk mako. Wasu awo ya kawo su. Wasu rigar ta daɗe da kammaluwa, zuwa kawai suke su zauna inda ba wanda zai ce musu kare ne fa, sayi wani mana. Wanda nasa ya mutu ma yakan dawo ya zauna, Baba George ya matsa masa, a yi shiru tare, sannan a koma gardamar ƙwallo. Ƙyale-su na kwance a ƙarƙashin keke, furfura ta fito mata a baki, robar biki a gabanta.

Buhun ƙyallaye kuwa yanzu biyu ne, kuma kafin Godiya ta yanka wa kare ko da tafin hannu ne, sai ta leƙa waje ta ɗaga yadin sama ta tambayi layin mata ko akwai mai biki da wannan.